Ku Tambayi Baba: Darasi Daga Barzillai

Karatun yau: 2 Sama'ila 19:31-40
Ayar haddacewa: Littafin Firistoci 19:32
Ƙarin karatu: Farawa 47:28-31; Markus 10:46-52; 1 Timoti 5:1-8

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kafin ka ci gaba, buɗe Littafinka ka karanta nassin yau a natse, ka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya buɗe maka kunne.

Tawayen Absalom ya ƙare, sarki Dawuda yana kan hanyar komawa Urushalima. A bakin Kogin Urdun wani dattijo ya zo raka shi, sunansa Barzillai, mutumin Gileyad daga garin Rogelim, mai shekara 80, attajiri ne ƙwarai. Lokacin da Dawuda yake gudun ɗansa, ya sauka a Mahanayim da jama'a cikin yunwa da gajiya, wannan dattijo yana cikin waɗanda suka kawo masa gadaje da tukwane da alkama da wake da zuma da tumaki (2 Sama'ila 17:27-29). Yanzu sarki yana so ya rama alheri. Ya ce dattijon ya biyo shi fada, zai riƙe shi har ƙarshen ransa.

A duk ƙasar Isra'ila babu inda za a kula da tsoho kamar gidan sarki. Amma Barzillai ya ce a'a. Ya kawo dalilansa: kwanakinsa sun rage kaɗan, bakinsa ba ya jin daɗin abinci, kunnensa ba ya jin muryar mawaƙa, kuma ba ya so ya zama wa sarki kaya. Abin da yake so shi ne ya koma garinsu, ya mutu kusa da kabarin mahaifinsa da mahaifiyarsa. A madadinsa ya ba da Kimham, wanda masana da yawa suke ɗauka ɗansa ne.

Ka lura da abin da Dawuda ya yi. Sarki ne, yana da dakaru, kuma niyyarsa mai kyau ce. Da ya ga dama sai ya sa a ɗora dattijon a kan jaki, a ce ai don amfaninsa ne. Bai yi haka ba. Ya saurare shi, ya karɓi Kimham, ya sumbaci Barzillai, ya sa masa albarka, dattijo ya koma gida. Har a gadon mutuwarsa Dawuda bai manta ba, ya bar wa Sulemanu wasiyya a kan 'ya'yan Barzillai (1 Sarakuna 2:7).

Yadda abin yake a wurinmu

A Turai da Amurka akwai gidajen da ake ajiye tsofaffi, ma'aikata suna kula da su. Mu nan Kafin Hausa ba mu saba da wannan ba. Gidan gajiyayyu, irin wanda ake da shi a birnin Kano, a ganinmu na wanda ba shi da kowa ne, kuma abin kunya ne a ce mai 'ya'ya ya ƙare a can. Muna gode wa Allah da wannan tarbiyya. Sai dai tsoho yana iya kwanciya a tsakiyar 'ya'yansa goma, a rasa ko ɗaya da zai tambaye shi abin da yake so.

Dukanmu mun san yadda take kasancewa. Baba ya kwanta, hawan jini ko ciwon suga ko shanyewar ɓarin jiki, ko kuma ciwon ƙoda da ya addabi yankinmu daga Haɗejiya har Gashuwa. An kai shi babban asibitin Kafin Hausa. Idan abin ya yi nauyi a tura shi Haɗejiya, ko Dutse, ko Birnin Kudu, ko asibitin Malam Aminu Kano. Sai waya ta fara kaɗawa. Na Abuja ya ce a yi tiyata, na Legas ya ce a dakata, babbar 'ya ta ce a mai da shi gida. Wanda ya yi boko ya ja likita gefe suna magana da Turanci. A ƙarshe a kawo takarda, a kama yatsan Baba a dangwala. Matarsa da ta yi shekara 50 tana dafa masa tuwo tana zaune a kan tabarma a baranda, ita ma ba wanda ya ce mata uffan. Kowa ya faɗi ra'ayinsa, ban da mai jikin.

Ba mugunta ce take kawo wannan ba, yawanci ƙauna ce da tsoro da gaggawa. Amma ayar haddacewarmu ta haɗa girmama mai furfura da tsoron Allah a wuri ɗaya. Idan kana durƙusawa ka gaishe shi da safe, da rana kuma ka yanke hukunci a kan jikinsa ba da saninsa ba, girmamawar ta tsaya a gwiwa, ba ta kai zuciya ba. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ubangiji da kansa yana tambaya

A hanyar Yariko makaho Bartimawas ya yi ta kira har aka kawo shi gaban Yesu. Kowa yana ganin makaho ne, Yesu kuma ya san abin da ke zuciyar kowane mutum. Duk da haka sai da ya tambaye shi abin da yake so a yi masa. A bakin tafkin Betasda ma, mutumin da ya shekara 38 a kwance, sai da Ubangiji ya tambaye shi ko yana so ya warke (Yahaya 5:1-9). Tambayar ta mai da wa mutanen nan darajar da ciwo da bara suka ƙwace musu. A Wahayin Yahaya 3:20 mun ga Mai iko duka yana tsaye a bakin ƙofa yana ƙwanƙwasawa, yana jira a buɗe masa. Idan Mahalicci yana neman izini kafin ya shiga, kai wane ne da za ka ɓalle ƙofar mahaifinka don kai ke biyan kuɗin magani?

Tambayar ta shafi manyan abubuwa, kamar tiyata da wankin ƙoda da tafiya Kano. Ta kuma shafi ƙanana, waɗanda a wurin mai ciwo ba ƙanana ba ne. Wa Mama take so ya yi mata wanka? Tsohuwar da ta yi rayuwarta cikin kunya, kada a buɗe jikinta a gaban suruki ko jikoki maza don ana sauri. Kunu take so ko fura? Tana son 'yan dubiya su cika ɗakin, ko tana son ta yi barci? Idan an sa wa Baba robar fitsari, yana so duk unguwa ta ji? Kada ma a kai labarin ciwonsa gaban ikilisiya da sunan roƙon addu'a sai ya yarda.

A faɗa masa gaskiya

Wanda aka ɓoye wa gaskiya ba shi da zaɓi. Sau nawa muke jin 'ya'ya suna ce wa likita, "Don Allah kada a gaya wa Baba"? Sai a ce masa zazzaɓi ne, alhali kowa a gidan ya san abin ya wuce haka. Ku tuna da Ishaku. Da idonsa ya dushe, matarsa da ɗansa suka yi amfani da makantarsa suka juya masa hannu (Farawa 27). Allah ya cika nufinsa, amma gidan ya biya da tsada: gaba tsakanin 'yan'uwa, da gudun hijirar Yakubu na shekara 20.

Ku dubi kuma sarki Hezekiya. Da ya kwanta ciwon ajali, annabi Ishaya bai rufe shi ba, ya gaya masa ya shirya gidansa. Saboda ya ji gaskiya ne ya juya fuskarsa bango ya yi kuka ga Ubangiji, Allah kuma ya ƙara masa shekara 15 (2 Sarakuna 20:1-7). Da an ruɗe shi da cewa ba komai, da wace addu'a zai yi? Idan ka ɓoye wa tsoho halin da yake ciki, ka hana shi yin addu'ar da ta dace, ka hana shi biyan bashi, da neman gafarar wanda ya ɓata wa, da faɗin iyakar gonarsa ta fadama kafin 'ya'ya su kai juna kotu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wannan ba ya nufin a jefa masa magana kamar dutse. A nemi lokacin da ya natsu, a zauna kusa, a tambaye shi ko yana so ya ji duk abin da likita ya gani. Wani dattijon zai ce, "Ku gaya wa babban ɗana, abin da ya yanke na yarda." Wannan ma zaɓinsa ne, a girmama shi. Abin da ba daidai ba shi ne mu ɗauki wannan matsayi ba shi ya ba mu ba.

Dokar ƙasa ma tana tare da wannan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce ma'aikacin lafiya ya bayyana wa majiyyaci halin da yake ciki, da hanyoyin magani da ake da su, da amfani da haɗari da kuɗin kowace hanya, da kuma ikon da yake da shi na ƙin karɓar magani. Ta ce a yi bayanin da harshen da mutum yake ji. Tun a 2001 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta tabbatar cewa baligi mai cikakken hankali yana da ikon ƙin maganin da bai yarda da shi ba. Saboda haka ba rashin kunya ba ne ka ce wa likita cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, a yi wa Baba bayani da Hausa, yana ji." Abin kunya ne a ce dokar mutane ta riga 'ya'yan Allah sanin darajar tsoho.

Kada kuɗi su yi masa zaɓi

Akwai wata kalma a bakin Barzillai da ya kamata ta tsaya mana a rai: ba ya so ya zama kaya. Haka tsofaffinmu suke. Amma ku lura, kafin ya faɗi haka Dawuda ya riga ya yi alkawarin ɗaukar nauyinsa duka. Ƙofar fada a buɗe take da gaske, shi ya sa komawarsa gida ta zama zaɓi.

Idan Mama ta ji 'ya'yanta suna gardama a bakin gado a kan wanda zai biya kuɗin ƙarin jini, sai ta ce, "Ku mai da ni gida, na ji sauƙi," wannan ba zaɓinta ba ne, mu muka tura ta. Sai mu fita muna cewa ai ita ta ce. Allah yana gani. Wani kuma yakan sa a sallami mahaifinsa don lokacin yankan shinkafa ya yi, ba mai zaman jinya. Yesu ya tsauta wa Farisiyawa da suke ce wa dukiyarsu ta Allah ce don su kauce wa taimakon iyaye (Markus 7:9-13). Ɗan'uwa, idan kana da kuɗin alkawarin gini a ikilisiya, mahaifiyarka kuma tana kwance ba magani, je ka sayi maganin tukuna. Manzo Bulus ya ce wanda ya ƙi kula da mutanen gidansa ya musunci bangaskiya.

Talauci gaskiya ne, ba kowa ke da halin wankin ƙoda ko zaman Kano na wata guda ba. Idan babu, a yi shawarar kuɗi a waje, a nemi dangi, a sanar da dattawan ikilisiya da zumuntar mata. Sannan a dawo a ce wa tsoho, "Ga abin da muke iyawa, ga abin da ya fi ƙarfinmu, amma ba ka zama mana kaya ba." Daga nan ne amsarsa za ta zama tasa.

Bangaskiya ba a yin ta da ƙarfi

Mu mutanen Fentikos ne. Mun gaskata Yesu yana warkarwa yau kamar jiya, muna ɗora hannu, muna shafa mai bisa ga Yakubu 5:14. Amma ku karanta ayar da kyau: mai ciwon ne yake kiran dattawa. Ba a ce a ɗauke shi daga gadon asibiti da dare a kai shi wurin addu'a yana cewa a'a ba.

Kada kowa ya ce wa tsohuwa ta zubar da maganin hawan jini don ta nuna bangaskiya. Kada a ɗora wa mai ciwon suga azumin kwana uku. Allahn da ya ƙara wa Hezekiya shekaru shi ne ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun, Luka kuma da ya rubuta mana Bishara likita ne (Kolosiyawa 4:14). Idan kai kana da bangaskiyar azumi, yi azumin a madadinta, ita ta sha kununta da maganinta.

Wani abu kuma mai zafi. Gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Tsohuwa takan manta sunan jikanta, ta fita da dare, ta yi maganar da ba ta da kai. Kada a taru a kanta ana ihu ana cewa ta amsa maita. Uwar da ta goya ka ba ta zama mayya don ƙwaƙwalwarta ta gaji ba. A kai ta wurin likita, a yi mata addu'a cikin taushi.

Da yawa a cikinmu iyayenmu ko kakanninmu ba sa bin hanyar da muke bi. Muna marmarin su san Almasihu, wannan daidai ne. Ka yi shaida idan ya ba ka kunne, ka yi masa addu'a. Amma kada ka mai da magani ko abinci abin ciniki, kada ka hana shi ganin malaminsa ko 'yan'uwansa da ya nema. Amin ɗin da aka karɓa daga bakin wanda ba shi da ƙarfin musu ba tuba ba ce. Hannunka da ke wanke masa jiki ba ƙyama zai yi wa'azin da ya fi na bakinka.

Idan ya ƙi abin da zai amfane shi fa?

Girmama zaɓi ba ya hana lallashi. Dawuda ma ya roƙa. Sau da yawa tsoro ne ke sa tsoho ya ƙi. Wanda yanar ido ta rufe masa gani yakan ƙi aiki don ya ji an ce za a cire idon. Kawo masa tsaransa da aka yi wa ya warke, su yi hira. Ka ba shi kwana biyu ya yi tunani. Idan ya fahimta sarai, hankalinsa kuma ƙalau, ya ce shi dai a bar shi ya ƙarasa a ɗakinsa, to, ka yi irin ta Dawuda. Kada ka yi fushi ka janye hannu. A karɓo masa maganin rage zafi, a ci gaba da jinya a gida.

Gaggawa kuma hukuncinta daban. Lokacin ambaliyar 2022, da ruwa ya shiga gidaje a ƙasar Haɗejiya, katangu suna faɗuwa, ba wanda ya tsaya shawara, goya tsofaffi aka yi zuwa tudu. Haka idan Baba ya suma, a ruga da shi asibiti. Amma in ya farfaɗo, maganar ta koma hannunsa. Idan kuwa hankali ya gushe gaba ɗaya, wanda zai yanke shawara ya tambayi kansa abin da Baba zai so da yana iya magana, ba abin da zai fi wa 'ya'ya sauƙi ba.

Kalma ga iyayenmu

Baba, Mama, ku ma akwai naku. Yakubu bai jira sai harshensa ya yi nauyi ba. Ya kira Yusufu, ya sa shi ya rantse ba zai binne shi a Masar ba. Yusufu mai mulkin Masar ne, amma ya yi biyayya, ya kai gawar mahaifinsa har kogon Makfela a ƙasar Kan'ana. Da Yusufu ya so ya gyara masa hannu a kan Manassa da Ifraimu, tsohon da ba ya gani sosai ya nuna masa ya san abin da yake yi (Farawa 48:17-19). Ku kira 'ya'yanku tun kuna da ƙarfi. Ku faɗi wanda zai yi magana a madadinku, da inda kuke so a yi jinyarku, da inda za a kwantar da ku. Maganar mutuwa ba ta kiran mutuwa. Kwanakinmu suna hannun Ubangiji.

Ku kuma matasa, Yesu ya gaya wa Bitrus cewa da yana saurayi yana zuwa inda ya ga dama, amma ranar tana zuwa da zai miƙa hannu wani ya kai shi inda ba ya so (Yahaya 21:18-19). Maganar irin mutuwar da Bitrus zai ɗaukaka Allah da ita ce, amma duk wanda ya yi jinyar tsoho ya san wannan hoton. 'Ya'yanka suna kallon yadda kake yi da kakansu. Abin da ka shuka a bakin gadon nan, shi za ka girba.

Abin yi a wannan mako

Je wurin mahaifinka, ko mahaifiyarka, ko wani dattijo a ikilisiya. Zauna ƙasa, ka kashe waya, ka tambaye shi yadda yake so a yi da shi idan ciwo ya zo. Kada ka katse shi. Idan akwai abin da kuka ɓoye masa, ku yi shawara da 'yan'uwa yadda za ku gaya masa. Masu zuwa dubiya asibiti, ku nemi izinin mai ciwo kafin ku ɗaga murya da addu'a, ku kuma tuna da na gadon kusa.

Mu yi addu'a

1. Ya Uba, ka ba ni zuciya irin ta Dawuda, mai sauraron tsoho ko da ina da ikon yin yadda na so, cikin sunan Yesu.
2. Ya Ubangiji, ka taɓa iyayenmu da ke kwance a asibitocin Kafin Hausa da Haɗejiya da Dutse da Kano. Ka warkar, ka rage zafi, ka kori tsoro.
3. Ka ba likitoci da ma'aikatan jinya hikima da haƙuri, ka sāka musu wahalarsu.
4. Kowane ruhun gardama da son kai da ke raba 'yan'uwa a bakin gadon iyaye, mun tsauta maka cikin sunan Yesu.
5. Ka buɗe mana hanyar samu, kada rashin kuɗi ya yanke wa iyayenmu hukunci.
6. Ka tsare tsofaffin da ba su da kowa, ka sa ikilisiyarka ta zama musu 'ya'ya.

Furcin bangaskiya: Zan girmama furfura cikin tsoron Allah. Iyayena ba kaya ba ne, albarka ce a gidana. Zan tambaye su, zan gaya musu gaskiya cikin ƙauna, Ubangiji kuma zai riƙe ni har tsufana. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.